Sukuwarmu Da Darasin Tarihi: Yadda Aka Taka Wa Masu Kuɗi Burki A Gasa



A zamanmu na ƙarshe mun tashi ba mu tsayar da magana ba kan sukuwar bayan sallah a nan Sakwa. Wasu sun ce mai hali ya kawo dokin da ya ga dama, ko da haya ya yi daga Azare ko Kano. Wasu suka ce in haka ne, mai dokin gida ba shi da abin da zai je yi a fili. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi, domin ba a kanmu aka fara wannan gardama ba.

Mu fara da ƙwallon dawaki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya riƙi wasan hannu biyu, ɗansa Usman Nagogo kuma, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai maki 7 na gwaninta. A wasan kowane mahayi yana da makinsa, ƙololuwa 10. Ana tara makin mahayan ƙungiya huɗu, wadda ta gaza sai a ba ta ƙwallaye gwargwadon tazarar tun kafin a fara. Gasa da dama kuma suna da iyakar makin da ƙungiya ba za ta wuce ba, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye shi kaɗai.

Masu tseren motoci na Formula 1 sun daɗe ba su ɗauki wannan darasi ba, kuma sun ji a jikinsu. Kamfanin Honda ya fice a ƙarshen 2008, Toyota da BMW suka bi shi a 2009. A shekarar ne shugaban hukumar FIA, Max Mosley, ya nemi a ƙayyade kashe kuɗi a fam miliyan 40. Manyan ƙungiyoyi suka yi barazanar ɓallewa, maganar ta mutu. Ƙanana ne suka kwana a ciki: Caterham ta durƙushe a 2014, Manor ta rufe a 2017. Mercedes kuwa ta ɗauki kambun ƙungiyoyi sau takwas a jere, daga 2014 zuwa 2021.

Sai a 2021 dokar ta fara aiki: dala miliyan 145 a shekara, ban da albashin direbobi, aka rage zuwa 140 a 2022. Aka kuma ba ƙungiyar da ta zo ƙarshe lokacin gwajin mota fiye da wadda ta zo ta ɗaya. Da aka gano Red Bull ta haura iyaka a 2021, an ci ta tarar dala miliyan 7, aka yanke mata kashi 10 cikin 100 na lokacin gwaji. A 2024 McLaren ta ɗauki kambun da rabonta da shi tun 1998.

Abin da muka fahimta shi ne, duk gasar da aljihu kaɗai ke yanke hukuncinta, ƙanana kan fara janyewa, 'yan kallo su bi bayansu. Mu ma mun ga alama, don matasa da dama sun ce bana ba za su ɗaura sirdi ba.

Shawarar da za mu gabatar a zama mai zuwa guda uku ce: a raba dawakan gida da na waje, kowa da ajinsa, a rubuta kowane doki da mai shi kafin azumi, a kuma amince da hukuncin wanda ya saɓa tun yanzu, kowane ne shi. Ba mu hana kowa sayen doki mai kyau ba. Muna so ne ɗan manomi ya shiga fili da sa ran nasara.

Muna roƙon iyayenmu da masu dawaki su halarta. Allah ya kai mu lafiya.

Sakataren Ƙungiya