Kaska a Bargar Sarki

Labarin kafuwar Daura da doki ya fara: a kansa aka ce Bayajida ya iso, kuma don ya shayar da shi ya nufi rijiyar Kusugu. Tun daga nan doki bai bar fada ba. Shi ya ɗauki 'yan lifidi zuwa fagen daga, shi ke ɗaukar hakimai a Hawan Sallah da na Gani.

Sai dai masu kula da barga sun daɗe da sanin wani ciwo: ingarma ya yi zazzaɓi, ya ƙi ci, idonsa ya yi rawaya kamar mai shawara, fitsarinsa ya yi duhu. Kaska kuwa ana cire ta a jefa a wuta, ba a ɗauke ta mai laifi ba.

Asirin ya fara tonuwa a 1893, lokacin da Smith da Kilborne a Amurka suka tabbatar kaska ce ke yaɗa wani zazzaɓin shanu. A 1901 Laveran, Bafaranshen da ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ya ba da suna ga wadda ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin doki. Yau ana kiranta Theileria equi. 'Yar'uwarta ita ce Babesia caballi.

Wannan sani bai yi saurin isa barga ba. Hankalin Turawan mulkin mallaka yana kan shanu, domin daga gare su jangali ke fitowa, kuma cibiyar Vom da aka buɗe a 1924 da bushiya ta fi fama.

Gwaje-gwajen jini na baya-bayan nan a Arewa sun nuna dawakai da yawa na ɗauke da Theileria equi alhali suna ƙoshin lafiya a ido. Nan matsalar take. Dokin da ya warke yakan riƙe ƙwayar har ƙarshen ransa, kuma wahala, irin ta doguwar tafiya ko sukuwa cikin zafin rana, tana iya tayar da ita. Ga Daura, mai iyaka da Nijar da kasuwar dabbobi kamar ta Mai'aduwa, ga kuma hawan da ke tara dawakan gundumomi wuri guda, kaska ba ta rasa sabon jini. Allurar imidokab tana kwantar da ciwon, amma ba kullum take kawar da ƙwayar ba. Shi ya sa Amurka ba ta barin doki ya shigo sai an gwada jininsa.