Sanƙo Da Maganinsa Tun Zamanin Fir'auna

Jama'a, duk wanda ke shiga motar haya a nan Kudu ya san masu tallar magani, waɗanda ke miƙewa da kwalba a hannu suna rantsuwa wai mako biyu gashi ya tsiro. To wannan ciniki ba yau aka fara shi ba.

A Masar an samu wata tsohuwar takardar likitanci da ake kira Ebers, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ciki an ce mai sanƙo ya haɗa kitsen zaki da na dorina da na kada da na maciji ya shafa. Ka ji fa! Kafin mutum ya tara waɗannan ai ya rasa abin da ya fi gashi. Malamanmu ma ba su bar zancen ba. Ibn Sina a cikin Alƙanun, wanda ya kammala a 1025, ya yi bayanin da'us sa'alabi, wato ciwon dila, mai cin gashi wuri-wuri kamar an ɗora kwabo.

Amma wanda ya fara hango bakin zaren shi ne Bukraɗa, likitan Yunanawa. Ya lura babanni, irin waɗanda a da ake ajiyewa a gidajen sarakuna, ba sa yin sanƙo. Sai a 1942 wani masani ɗan Amurka, James Hamilton, ya tabbatar da dalili: gado ne ke haɗuwa da sinadarin mazakuta da ke cikin jini, su riƙa ƙanƙantar da saiwar gashi har ta daina fitarwa. Ashe ba hula ba ce, ba rawani ba ne, ba kuma ɗaukar kaya a ka ba. Wai alamar arziki ce, wannan kam lallashin kai ne kawai.

Magungunan da suka yi tasiri kusan tsintuwa aka yi. Minoxidil na hawan jini ne, sai aka ga masu shan sa suna ta tsirar gashi, a 1988 Amurka ta yarda a riƙa shafa shi a ka. Finasteride kuwa na tsofaffi ne masu wahalar fitsari, a 1997 aka amince da shi don sanƙon maza. Duka biyun, ka daina gashin ya sake zubewa, kuma na biyun haɗari ne ga mai ciki. Dashen gashi likitan Japan, Okuda, ya rubuta shi tun 1939, yau ga masu hali can suna tafiya Turkiyya.

Abin da ya fi damuna shi ne kora a kan yaranmu, musamman almajirai. Ita ba gado ba ce, cuta ce da ake ɗauka ta aska da mataji da hula. Maganinta na sha, griseofulvin, yana nan tun 1958, ana shan sa makonni bisa umurnin likita, don man alayyadi ko man kaɗe ba sa kai wa saiwa. In aka bar ta ta yi gyambo, tabon ba ya sake fid da gashi har abada. Haka nan matsattsen kitso da ake wa 'yan mata tun suna ƙanana, shi ke cinye gashin goshi, kuma in ya daɗe ba ya dawowa.