Ƙananan madatsun ruwa na shaƙatawa: yadda suke ɓallewa da yadda ake kula da su

A watan Agustan 1988, bayan ruwan sama mai ƙarfi, madatsar Bagauda da ke jihar Kano ta ɓalle, ruwanta ya share gonaki da gidajen da ke gangare. An gina ta ne a zamanin Gwamna Audu Bako, a gefenta kuma aka kafa otal ɗin Bagauda Lake domin masu yawon shaƙatawa, inda yanzu reshen Makarantar Horar da Lauyoyi yake. Ta gwamnati ce, amma da ƙasa aka gina ta, kamar mafi yawan ƙananan dam-dam da masu hali ke tarewa a gonakinsu da wuraren hutawa.

Hukumar ICOLD ta duniya tana kiran madatsa babba idan tsayinta ya kai mita 15, ko ya kai mita 5 alhali tana riƙe da ruwan da ya haura kubik mita miliyan 3. Wadda ba ta kai haka ba ƙarama ce, kuma ita ce ido ya fi tsallakewa.

Hanya biyu irin wannan madatsa ta fi ɓallewa. Ta farko, ruwa ya fi ƙarfin magudanar da aka tanadar wa rararsa, ya haura ganuwa, ya zaizaye bayanta har ta tsage. Ta biyu ta fi ɓoyuwa: ruwa yana ratsa cikin ganuwar yana kwashe ƙasa a hankali, ta ramin gafiya, ko gidan gara, ko gurbin saiwar bishiyar da ta ruɓe. Shi ya sa injiniyoyi ke hana dasa itatuwa a kan ganuwa, duk da cewa inuwa ce mai wurin shaƙatawa ya fi so. Gajeriyar ciyawa ake bari. Idan tsattsafo ya fito daga gindin ganuwa garai-garai, a sa masa ido; idan ya fito gurɓatacce da laka, madatsar na cinyewa daga ciki, sai a rage ruwa a kuma sanar da mutanen gangare nan take.

Sauran aikin ba shi da tsada: a yashe magudana kafin damina, a gwada ƙofofin sakin ruwa, a duba tsagewa bayan kowane ruwa mai ƙarfi. A Gusau, a ƙarshen Satumban 2006, ƙofofin ne suka ƙi buɗuwa, madatsar ta fashe, mutane da dama suka rasu.

Ga mazauna Tudun Wada da sauran unguwannin Kaduna da suka san ambaliyar Kogin Kaduna, tambayoyin da ya dace a yi wa mai madatsa su ne: wane injiniya ne ya tsara ta, yaushe aka duba ta na ƙarshe, wa zai sanar da jama'a idan ta fara yoyo da tsakar dare? Katanga ko rubutun gargaɗi a bakin ruwan ma wajibi ne, domin yaran unguwa na zuwa wanka ko mai wurin ya yarda ko bai yarda ba.