Deshnok: Ƙauyen Karni Mata da Kurmin da Ba A Sara

A arewa maso yammacin Indiya akwai jiha mai suna Rajastan, wadda babban ɓangarenta yana cikin hamadar Tar. Ƙasa ce ta yashi da raƙuma da gero, damina kuwa gajeriya ce. Kimanin kilomita 30 kudu da birnin Bikaner akwai Deshnok, ƙauyen makiyaya a dā, yanzu ƙaramin gari. Dubban mabiya addinin Hindu suna zuwa can ziyarar ibada a haikalin wata allahiya da suke kira Karni Mata, wato Uwa Karni. Duniya ta san wurin saboda ɓerayensa. Amma tarihin matar ya fi labarin ɓerayen nauyi, shi ne kuma nake so mu duba.

Bari mu fara da abin da mai ziyara zai tarar. Zai tuɓe takalmansa a waje. Zai ga gaban haikalin na farin dutse mai sassaƙa, da ƙofofin azurfa. Da ya shiga tsakar gida sai ya ga ɓeraye ko'ina, suna shan madara a manyan tasoshi, suna bin ƙafafun mutane ba tsoro. Ana kiyasta yawansu ya kai 20,000. Ba a ce musu ɓeraye a can, sai dai "kaba". Mutane suna tafiya suna jan ƙafa don kada su taka ɗaya, gama bisa ga al'ada wanda ya kashe ɗaya zai biya da ɓeran azurfa ko na zinariya. Wanda ya hangi fari a cikinsu yakan ɗauka ya sami albarka. Taro ya fi cika sau biyu a shekara, lokacin idin Nabaratri na dare tara, wajen Maris zuwa Afrilu da kuma Satumba zuwa Oktoba. A lokacin nan waɗansu da ƙafa suke tahowa tun daga garuruwansu.

Karni fa mutum ce da ta yi zamani a duniya. Bisa ga tarihin da mutanenta suka riƙe, an haife ta a shekara ta 1387 a ƙauyen Suwaf, cikin zuriyar Charan. Charan makiyaya ne, su ne kuma mawaƙa da masu riƙe da asalin sarakunan Rajput. Ana jin tsoron zub da jininsu ƙwarai, har fatake sukan ɗauke su rakiya domin 'yan fashi su ƙyale ayari. Saboda wannan matsayi, Bacharane yana iya shiga tsakanin sarakuna biyu masu gāba ya faɗi gaskiya, ya fita lafiya.

An aurar da ita ga wani mai suna Defa, amma ta zaɓi zaman kamewa, ta sa ya auri ƙanwarta, ita kuwa ta riƙe 'ya'yansu kamar nata. Daga baya ta tashi da mutanenta da garkensu suna neman ruwa da ciyawa. An ce wani mai mulki a Janglu ya so ya hana su zama da shayar da dabbobi, ta ƙi tashi. A kusa da wurin ne ta kafa Deshnok a farkon ƙarni na 15.

A zamanin nan gidan sarautar Rator yana faɗaɗa ƙasarsa. Rao Joda ya kafa birnin Jodpur a 1459. Ɗansa Rao Bika ya bar gida ya nufi arewa neman ƙasar kansa, ya biya ta Deshnok neman albarkar Karni, ya kuma kafa Bikaner a 1488. Amma a yankin akwai gidan Bati, waɗanda suka daɗe suna gāba da Rator. Tarihin ƙasar ya ce Karni ce ta ƙulla aure tsakanin Bika da 'yar Rao Sheka, sarkin Bati na Pugal, domin jini ya haɗu takobi ya koma kube. Tun daga nan sarakunan Bikaner suka ɗauke ta a matsayin mai tsaron gidansu. Mabiyanta sun ce ta ɓace a 1538 tana da shekara 151, suna kuma gaskata cewa allahiya Hinglaj ce ta bayyana cikin jikinta. Ginin da ake gani yau, Maharaja Ganga Sing, wanda ya yi sarauta daga 1887 zuwa 1943, shi ne ya ƙawata shi a farkon ƙarni na 20.

To, ina ɓeraye suka shigo? Labarin da ake bayarwa shi ne, Lakshman, ɗaya daga cikin 'ya'yan da ta riƙa, ya nutse a tafkin Kolayat. Karni ta roƙi Yama, wanda 'yan Hindu suke ɗauka allahn mutuwa ne, ya mayar da shi. Da farko ya ƙi, daga bisani aka shirya a kan cewa zuriyarta idan sun mutu za su dawo a ɓeraye, ɓerayen kuma idan sun mutu su dawo a mutane. Shi ya sa iyalan Defawat, zuriyar Defa, waɗanda suke hidimar haikalin bi da bi, suke duban dabbobin nan a matsayin danginsu. Mu Kirista ba mu gaskata da sāke haihuwa irin wannan ba, begenmu yana ga tashin matattu, sujadarmu kuwa ga Allah ɗaya ce. Amma Manzo Bulus, sa'ad da ya isa Atina, ya zagaya ya dubi wuraren ibadarsu da kyau kafin ya buɗe baki. Wanda ya tsaya ga dariyar ɓeraye kawai, abu mafi muhimmanci zai wuce shi.

Abin nan kuwa yana bayan gari. Karni ta keɓe fili mai faɗi kewaye da Deshnok domin kiwon shanu, ta hana a sare itace ko a kashe naman daji a cikinsa. Irin wannan fili ana kiransa "oran". Yawancin itatuwan na Deshnok irin magarya ne. Masu ziyara sukan zagaye shi da ƙafa, tafiyar "kos" 12 bisa ga awonsu, wato kusan kilomita 36. Zagayen ibada ne a gare su, amma yana yin wani aiki kuma: kowace shekara dubban idanu suna ganin iyakar filin, ba mai iya cin gefensa a ɓoye. Ta haka kurmin ya wuce shekara 500 a ƙasar da fari yake yawan aukuwa, inda talaka ba shi da abin dogara sai akuyarsa da saniyarsa.

Akwai irin waɗannan filaye da yawa a Rajastan, ba duka ne kuwa suka tsira ba. Bayan Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, aka haɗa Bikaner da sauran masarautu cikin jihar Rajastan a 1949. Sa'ad da ake rubuta filaye a littattafan gwamnati, an shigar da oran da yawa a matsayin ƙasar da ba ta da amfani, domin ba a noma ta. Abin da aka rubuta ba shi da amfani kuwa, ba wuya a ba da shi. A gundumar Jaisalmer makiyaya sun yi ta tattaki suna kuka a kan ba da filayen nan ga masu kafa injunan wutar lantarki na rana da na iska. A watan Disamba 2024 Kotun Ƙoli ta Indiya ta umarci gwamnatin Rajastan ta auna filayen oran, ta zana taswirarsu, a lissafta su cikin dazuzzukan da doka take karewa.

Mai karatu da ya ga yadda gonaki suke cinye burtali da makiyaya a ƙasashenmu, da irin jinin da ake zubarwa a kan haka, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Mutanen Deshnok sun tsare filinsu domin tsoron allahiyarsu, kotu ta zo daga baya. Mu da muke karanta a Littafin Farawa cewa an sa mutum a gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, ya kamata mu tambayi kanmu ko akwai wani kurmi ko mashaya a garinmu da jikokinmu za su tarar domin mun hana a taɓa shi.