Daga Ƙwayar Sha'ir zuwa Sandar Tagulla: Tarihin Kalmomin Awo da Daidaito a Turanci

Kalmomin da Turancin Ingilishi yake bayyana daidaito da su, wato dacewar awo ko lissafi da ainihin abin da ake aunawa, sun yi rayuwa mai tsawo a kasuwa da wurin karɓar haraji kafin masana kimiyya su ɗauke su, kuma duk lokacin da ma'auni ya ƙara inganci sai ma'anarsu ta ƙara tsukewa. Sunayen ma'aunan kansu sun nuna haka. Inci da oza asalinsu kalma ɗaya ce ta Latin, "uncia", ma'ana kashi ɗaya cikin 12, mil kuwa ya fito daga awon Rumawa na taku dubu, shi kuma yadi a tsohon Turanci sanda kawai yake nufi. Marubucin tarihi William na Malmesbury ya rawaito cewa Sarki Henry na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1135, ya tsayar da awon tufa da tsawon hannunsa, dabarar da ba ta da nisa da kamu da gaba na masaƙan ƙasar Hausa, illa dai a nan hannun mutum ɗaya aka ɗora wa ƙasa baki ɗaya.

Matsalar awo da jiki ita ce hannun mai saye da na mai sayarwa ba sa zuwa ɗaya, shi ya sa hukuma ta shigo ciki. Yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ta tanadi cewa mudun giya da na hatsi su zama iri ɗaya a duk faɗin masarautar, haka ma faɗin ƙyalle. Wata doka da ta biyo baya ta fassara inci da tsawon ƙwayar sha'ir uku busassu da aka jera baki da baki, sannan a 1593, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, aka tsayar da mil a kan ƙafa 5,280.

A tsakanin ƙarni na 15 da farkon na 17 ne manyan kalmomin daidaito uku suka shiga harshen daga Latin, wani lokaci ta hanyar Faransanci, kuma kowace ta zo da warin sana'ar da ta fito. "Exact" ta fito daga aikatau da Rumawa suke amfani da shi wajen tilasta biyan bashi ko haraji da kuma gwada abu da ma'auni, don haka tun asali tana ɗauke da ma'anar abin da aka biya cif-cif, ba ragi ba ƙari. "Precise" daga yankewa take, wato abin da aka datse masa duk wani rara, "accurate" kuwa daga kulawa, ma'ana aikin da aka yi a tsanake. Abin lura shi ne da farko halin mutum ake yawan siffantawa da su, har ma a ƙarni na 16 an yi wa masu tsananta addini na Ingila, waɗanda aka fi sani da Puritan, laƙabin ba'a daga kalmar "precise", saboda ƙididdigar da suke yi wa ƙananan al'amuran ibada.

Juyin masana'antu ne ya kwashe kalmomin daga kan mutane ya mayar da su kan na'urori. A farkon ƙarni na 19 maƙeri Henry Maudslay ya ƙera ma'aunin da ke gane kashi ɗaya cikin 10,000 na inci, ya kira shi da sunan babban alƙalin Ingila domin shi yake raba gardama a maƙerarsa, kuma a 1841 Joseph Whitworth, wanda ya taɓa aiki a wurinsa, ya fito da tsari guda na zaren ƙusoshi masu murɗawa, ta yadda noti na wannan maƙera zai hau ƙusar waccan. Dokar awo ta 1824 ta ayyana wata sanda da John Bird ya ƙera a 1760 a matsayin yadin ƙasa, sai dai gobarar da ta cinye ginin majalisar dokoki a 1834 ta lalata ta, aka wayi gari ƙasar da ta fi kowa kasuwanci a lokacin ba ta da yadin da doka ta sani. Sandar tagulla da ta maye gurbinta a 1855 an yi mata layuka biyu a kan ɗigon zinariya, aka kuma sharɗanta cewa sai a zafin digiri 62 na ma'aunin Fahrenheit tazararsu take zama yadi, tunda ƙarfe yana miƙewa da zafi.

Daga irin wannan aiki ne masana awo suka raba kalmomi biyu da talaka yake ɗauka abu ɗaya ne. A wurinsu "accuracy" kusancin awo ne da gaskiyar abin da aka auna, "precision" kuwa kusancin awo ne da 'yan'uwansa idan aka maimaita shi, saboda haka sikelin mahauci da kullum yake ƙara giram 50 ya cika sharaɗi na biyu, ya faɗi a na farko. A 1959 Birtaniya da Amurka da wasu ƙasashe masu Turanci suka amince yadi ya zama mita 0.9144, inci kuma milimita 25.4, wato ma'aunin Ingila ya koma jingine da mitar da Faransa ta ƙirƙiro. Kafin nan kalmar yadi ta riga ta biyo 'yan kasuwar Turawa zuwa Kano da sauran kasuwannin Arewa, inda yadi ya zarce matsayin awo ya zama sunan ƙyallen da ake aunawa, kuma har bayan Nijeriya ta koma tsarin mita a shekarun 1970 da yadi ake cinikin tufa a kasuwar Kantin Kwari ta Kano.