Ƙarfen Japan, lissafin Jamus, da lakar Basunda

A ƙasar Gadarif damina ce alƙalin mota. Baƙar ƙasarmu da rani tsattsagewa take yi, ruwan Yuli na sauka kuwa ta riƙe taya kamar danƙo. Shi ya sa mu mutanen Basunda, nan bakin iyakar Habasha, muke da namu ma'aunin darajar kamfani: wace mota ce za ta fitar da buhun riɗi daga gona, kuma idan ta lalace, akwai kayanta a Gadarif?

Kakanninmu da ƙafa suka shigo Sudan, da jakuna, a hanyarsu ta zuwa Makka, ayarin ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawa noma ya tsayar da su. Jirgin ƙasa ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, sannan wajen 1945 Turawan Ingila suka fara noman dawa da tarakta a Gadambaliya. Daga nan gona ta fi ƙarfin raƙumi. Motar da ta karɓi aikin ta Ingila ce, Bedford, wadda ake kira sifinja, makanikan Sudan suka yi ta sake mata jiki tana ɗaukar abin da masu ƙera ta ba su taɓa tsammani ba. Ta daɗe tana mulki kafin ƙananan motocin Japan su cika jeji.

Abin da yake ba ni sha'awa, Toyota da Volkswagen sa'o'in juna ne, duk a 1937 aka kafa su. Toyota daga gidan masaƙa ya fito: Sakichi Toyoda injin saƙa yake ƙerawa, ɗansa Kiichiro ya juya ga mota. Asalin Land Cruiser yana komawa 1951, Hilux kuma 1968, su ne tacar da boksin da muke hawa. 'Yan'uwanmu na Kano sun fi mu sanin ƙarfen Jamus, domin an harhaɗa Volkswagen a Legas tun 1975, ga kuma Marsandi ta manyan alhazai. Mu nan ana girmama Marsandi, amma ba da ita ake shiga gona ba.

Ɗan ƙanena da ya karanta lissafin kuɗi shi ya nuna mini jerin manyan kamfanonin Japan da Jamus bisa darajarsu a kasuwar hannun jari, wato kuɗin hannun jari guda a ninka shi da yawan hannayen. Na Japan ban sha mamaki ba, Toyota ne a sama, kuma ya daɗe a wurin. Na Jamus na nemi Marsandi da Volkswagen, sai na same su can ƙasa. Ya ce, "Baffa, SAP da Siemens ne a gaba yanzu." Siemens dai tsohon hannu ne, tun 1847 a Balin da wayar tangaraho ya fara. SAP kuwa mutum biyar ne suka bar aikin IBM a 1972 suka kafa shi, kuma ba ya ƙera ko ƙusa. Manhajar kwamfuta yake sayar wa manyan kamfanoni, wadda suke riƙe lissafin kaya da albashi da bashi da ita. A Maris na 2025 har ya zama kamfani mafi daraja a Turai baki ɗaya. Ka zaga kasuwar Basunda rumfa-rumfa, da wuya ka sami wanda ya san sunansa.

Ni a ganina, wannan jeri zaton masu kuɗi yake aunawa, abin da suke sa ran kamfani zai ci gobe. Toyota yana sayar da mota sama da miliyan 10 a shekara, Volkswagen wajen miliyan 9, tazarar ba wani yawa, amma a kasuwar hannun jari Toyota ya ninka shi sau da dama. Badaƙalar 2015 ta taimaka wajen kawo wannan bambanci, lokacin da Amurka ta kama Volkswagen da maguɗi a gwajin hayaƙin injin dizal. Kuma zato yakan yi maye. A ƙarshen Oktoban 2008, da kamfanin Porsche ya bayyana cewa yana da iko da kusan kashi 74 cikin 100 na Volkswagen, 'yan cacar da suka sayar da hannayen aro suka ruga neman na biya, hannu guda ya haura yuro 1,000. Na ɗan lokaci Volkswagen ya zama kamfani mafi daraja a duniya, alhali ba a ƙara ko mota ɗaya a masana'antarsa ba.

Japan ma ta sha nata. A 1989 bankunanta da kamfanin wayarta NTT su suka mamaye sahun gaba na duniya, ma'aunin hannun jari na Nikkei ya kai 38,915 a ƙarshen Disamba, daga nan ya rufto. Sai Fabrairun 2024 ya sake taka wannan matsayi. Duk tsawon shekarun nan da ake cewa Japan ta durƙushe, su ne shekarun da boksi ya zama motar kasuwa, motar asibiti, motar amarya a ƙauyukanmu.

Akwai kuma abin da jerin ba ya nunawa. Ƙarfin da ya sa manomi ya so tacar shi ya sa mai bindiga ya so ta. Sojan Chadi sun kori na Libiya da ita a 1987, har aka laƙaba wa yaƙin sunan Toyota. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023 kuwa, bisa irinta ake girke manyan bindigogi, kuma a bayan boksi dubban mutane suka tsero zuwa Gadarif da katifunsu.

Riɗin da muke nomawa, bayan an yi gwanjonsa a Gadarif, kwalta yake bi ta Kasala zuwa Bur Sudan. Cikin manyan masu sayensa yanzu akwai Sin, kuma kayan gyaran da makanikanmu ke sa wa tsofaffin boksi, da yawansu daga can suke zuwa.