Hoton 'Ya'yan Sarki Biyu a Hasumiyar Landan

Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. To amma akwai ganin da ke rufe wa mutum ido. A wannan ɗan rubutu za mu duba wani hoto da aka zana a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi sarauta daga 1837 zuwa 1901, don mu ga yadda mai zane kan sa zuciya ta yanke hukuncin da tarihi bai yanke ba.

Masu zanen wancan zamani sun ƙallafa rai ga labaran sarakunansu na dā, musamman wuraren ban tausayi: ban kwana, ɗauri, da jiran hauni. Bayan gobarar da ta cinye ginin majalisarsu a 1834, an ƙawata sabon ginin da hotunan tarihi, jama'a kuma suka riƙa sayen kwafi suna ratayewa a gida.

Abin da Ya Faru

Sarki Edward na Huɗu ya rasu a watan Afrilu na 1483, ya bar 'ya'ya maza biyu: Edward, mai shekara 12, da Richard, mai shekara 9. Baffansu, shi ma Richard, aka ba riƙon ƙwarya. Ya ajiye yaran a Hasumiyar Landan, wai ana shirin naɗin babban. Ba a jima ba sai aka shelanta cewa auren iyayensu bai halatta ba, don haka ba su da gadon sarauta. Aka naɗa baffan a watan Yuli, ya zama Richard na Uku. Kafin shekarar ta ƙare, yaran sun ɓace.

Hoton Kansa

A 1878 ne John Everett Millais ya zana su. Ga yara nan biyu tsaye a gindin matakala mai duhu, sanye da baƙin karan-miski, gashinsu kamar zinariya. Sun riƙe hannun juna, kowa ya juya ido gefe guda, kamar sun ji motsi. A bangon matakalar ga inuwar wani yana saukowa. Babu wuƙa, babu jini, babu fuskar makashi. Mai zanen ya tsaya daidai kafin aukuwar masifa, ya bar mai kallo ya ƙarasa labarin da kansa. Wane uba ne zai dubi waɗannan marayu bai tsine wa baffansu ba?

Matakalar ma da manufa aka sa ta. A 1674 leburori sun tono ƙasusuwan yara biyu a ƙarƙashin wata matakala a hasumiyar, aka kai su majami'ar Westminster a 1678 bisa umurnin Sarki Charles na Biyu. Da aka bincike su a 1933, an ce shekarunsu sun yi daidai da na 'ya'yan sarkin, amma wannan bai nuna wanda ya kashe su ba.

Ya kamata mu tuna cewa labarin da Millais ya gada ya fito ne daga littafin Thomas More da wasan kwaikwayon Shakespeare. Dukansu an rubuta su ne zamanin mulkin gidan Tudor, wato zuriyar Henry wanda ya ci Richard da yaƙi a Bosworth a 1485. Wanda ya ci gari kuwa, shi ake wa kiɗa. Masana da yawa na ganin Richard ne ya fi kowa dalili da dama, amma zargi daban, shaida daban.

Kammalawa

Thomas Holloway ya sayi hoton a 1881 don kwalejin 'yan mata da ya gina, wadda Biktoriya ta buɗe a 1886. Wannan hoto ya fi ba mu labarin Turawan 1878, masu son iyali da tausayin yara, a kan abin da ya auku a 1483. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in hoto ya sa mu hawaye, mu share ido tukuna, sannan mu tambaya: wa ya zana, yaushe, kuma daga bakin wa ya ji?